Kwikwiyona yana kuka har asuba, kuma kullum sai ya ɓata kejinsa

Baban Hanifa:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina neman shawarar waɗanda suka taɓa rainon kare tun yana ƙarami. Yau kwana 5 da na kawo kwikwiyo gida. Ruwa biyu ne, uwarsa Alsatian, ubansa karen gida, kuma wanda ya sayar mini ya ce makonsa 8. Ba don sha'awa na kawo shi ba. Sau 2 aka haura mana katanga a wata ɗaya, aka kwashe kaji, aka ɗauke batirin sola.

Na sa mai walda ya haɗa mini keji babba, tsawonsa ya kai mita 2, don kada in sake yin wani idan ya girma. Na ajiye shi a bayan gida kusa da ɗakin janareto. Ƙarfe 9 na dare nake ba shi tuwo da madara in saka shi ciki, sai ƙarfe 6 na safe in buɗe. Tun daga lokacin da na juya baya yake fara kuka, ba ya yin shiru sai gab da asuba. Da safe kuma in tarar ya yi fitsari da kashi, ya kwanta a kai, duk jikinsa ya ɓaci. Kullum sai na yi masa wanka, ga sanyin hunturun Kaduna, yana ta rawar ɗari. Maƙwabcina ya yi mini magana cikin mutunci, Maman Hanifa ma ta ce in dai haka za a ci gaba gara a mayar da shi. Ni kuma wallahi tausayi yake ba ni. Me nake yi ba daidai ba?

Tsohon Soja:
Wa alaikumus salam. Ɗana, kada ka saba masa da lallashi. Ka bar shi ya yi ta kukansa, kwana 3 ko 4 zai gaji ya daina. Idan ka tarar ya yi kashi a keji, ka kama wuyansa ka kai hancinsa wurin, ka ɗan buge shi da takalmi. Haka muka ga ana yi, kuma karnukan sun ji magana. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Maman Sadik:
Baba, a gafarce ni, amma a nan ba zan bi bayanka ba. Na raini karnuka 2 a nan Zariya, na farkon da irin wannan shawarar na raine shi, kuma har yau ina nadama. Abin da duka ya koya masa shi ne ya ɓoye mini. Ya daina tsugunawa a gabana ko da na fita da shi waje, sai ya jira na shiga ɗaki ya lallaɓa bayan randa ya yi. Kwikwiyon da ya yi kashi ƙarfe 2 na dare, ka zo ƙarfe 6 ka buge shi, bai san laifin da ya yi ba. Abin da ya sani kawai shi ne idan mutumin nan ya buɗe ƙofa, duka ke biyo baya.

Baban Hanifa, ka lissafa da kanka. Daga 9 na dare zuwa 6 na safe awa 9 ne. Wane jariri ne zai riƙe fitsari awa 9? Ko ɗan mutum mai shekara 2 sau da yawa ba ya iyawa. Ba taurin kai ba ne, mafitsararsa ce ƙarama. Kuma wani ɓangare na kukan nan da kake ji, kiran ka yake yi ka zo ka fitar da shi, don shi ma ba ya son ya ɓata inda yake kwana.

Dakta Bukuru:
Hajiya ta riga ni faɗin mafi muhimmanci. Bari in ƙara da lissafin da muke ba mutane a asibiti. Ka ɗauki watannin kwikwiyo ka ƙara 1, shi ne kusan awannin da zai iya riƙe fitsari. Ɗan wata 2, awa 3. Ɗan wata 3, awa 4. Ba doka ba ce, wani yana wuce haka idan barci ya yi nauyi, wani ba ya kaiwa, amma ma'auni ne mai kyau na farawa. Yawancinsu sai sun kai wata 4 zuwa 5 suke kwana ba tashi. Saboda haka makonni masu zuwa akwai tashin dare a gabanka, babu yadda za a kauce masa.

Kafin maganar horo, akwai abubuwa 2 da nake so ka gyara yau ɗin nan. Ka ɗauke kejin daga kusa da janareto. Hayaƙinsa yana kashe mutum ma, balle dabbar da ba ta fi kilo 4 ko 5 ba, ga ƙara a kunnensa duk dare. Sannan ka daina ba shi madarar shanu ko ta gari. Kwikwiyon da aka yaye ba ya narkar da ita sosai, zawo take sa shi, kuma wanda ke zawo ba ya iya riƙewa ko da kai ne gwanin horo na duniya.

Tambaya: inda ka saye shi, a ina suke kwana? A ƙasa, ko a irin kejin nan mai ƙafafu da raga a ƙasansa?

Baban Hanifa:
Na gode Dakta, na gode Hajiya. Gaskiya ban taɓa lissafa awannin haka ba. Mai ragar ne, Dakta. Su 6 ne a ciki, kashin yana zubowa ƙasa ta ragar, mutumin yana sharewa.

Dakta Bukuru:
To, na yi zargin haka. Zai ɗan ɗauke ka lokaci fiye da wasu, ka shirya wa hakan. Kwikwiyo tun yana mako 3 zuwa 4 yake fara rarrafawa ya bar shimfiɗar uwarsa ya je gefe ya yi fitsari. Halitta ce. Duk horon keji a kan wannan halittar aka gina shi. Amma wanda ya tashi a kejin raga ba shi da gefen da zai je, ya saba inda ya kwanta nan yake yi. Ana gyarawa, sai dai kowane daren da ya kwana cikin ƙazantarsa yana ƙara masa sabon. Aikinka na farko shi ne ya riƙa wayar gari a busasshen wuri, dare bayan dare, har ya manta da wancan.

Mai Walda Kakuri:
Yallaɓai, ni ma'aikacin ƙarfe ne, na haɗa irin kejin nan ba adadi. Matsalar mita 2 ita ce ya zame masa ɗaki da banɗaki. Zai kwanta a wannan kusurwa ya yi kashi a waccan, sannan cikin duhu da kai-komo ya tattake. Ba sai ka yi sabo ba. Ka koma wa wanda ya yi maka, ya yanka maka raga ko falankin katako daidai faɗin kejin, a ɗaure da waya mai kauri a raba shi. Ka bar masa wurin da zai miƙe tsaye kansa bai taɓa sama ba, ya juya, ya kwanta ya miƙe ƙafafu. Shi ke nan. Duk bayan mako 2 ko 3 ka matsar da allon baya kaɗan. Ka shafa hannunka a duk inda aka yi walda, idan akwai tsini a goge shi. Idan ƙasan raga ne ko rodi, ka shimfiɗa katako, ƙafar kwikwiyo tana maƙalewa a tsakani.

Jikan Sarkin Baka:
Ni dai ban gane wannan keji da kuke ta magana ba. Kakana da karnuka sama da 10 yake fita farauta, ban taɓa ganin ɗaya a kulle ba. A gindin rumbu suke kwana, da sanyi su kwanta kusa da tokar murhu. Babu wanda ya tashi tsakar dare ya kai kare bayan gida, kuma ba su taɓa yin kashi a tsakar gida ba, bayan danga suke zagayawa. Ku mutanen birni ku kulle dabba a akwatin ƙarfe sannan ku zo kuna tambayar me ya sa take kuka. In kai aka kulle ba za ka yi kuka ba? Na sha ganin karnukan gidajen masu kuɗi da ke wuni a keji cikin rana, sai dare a sake su. Ba gadi suke ba, haukacewa suka yi. Ranar da ƙofa ta buɗe da rana, yaron gidan za su fara kamawa.

Maman Sadik:
Malam, maganarka akwai gaskiya a ciki, musamman ta ƙarshen. Karen da ke wuni a kulle ba ya sanin mutanen gidansa, kuma zalunci ne. Amma ka duba bambancin. Kwikwiyon kakanka yana tare da uwarsa da 'yan'uwansa, yana jin ɗuminsu, yana bin manya zuwa bayan danga. Wannan shi kaɗai ne, mako 1 bai cika ba da raba shi da uwarsa, a gida mai siminti da katanga, babu dangar da zai zagaya. Idan aka sake shi da dare zai tauna wayar wuta, ko ya faɗa kwata, ko ya ci maganin ɓera. Kejin na dare ne da ɗan barcin rana, na 'yan watanni. Nawa yanzu ƙofar kejinsa a buɗe take dare da rana, da kansa yake shiga idan yara sun dame shi.

Jikan Sarkin Baka:
In dai haka ne Hajiya, ba mu da saɓani sosai. Abin da ba na so shi ne a mai da shi kurkuku. Kuma ku ba shi wani abu mai ɗumi ya jingina da shi, ɗan kare ba ya kwana shi kaɗai a duniyarsu.

Uwar Biyu:
Ni a Jos nake, kun san sanyinmu. Abin da na yi wa tawa: gorar roba na cika da ruwan ɗumi, ba tafasasshe ba, na naɗe da tsohon zani na sa a kusurwa. Na rufe saman kejin da gefe 3 da bargo, na bar gaba a buɗe don iska. Kada ka kuskura ka kai masa kaskon gawayi. Sannan ka daina wankan nan na kullum da sassafe, zai kwantar maka da shi. Tsumma da ruwan ɗumi ya isa, ka goge inda ya ɓaci ka tsane shi sosai. In wanka ya zama dole, ka bari rana ta take.

Amma babban abin da ya kawo mana sauƙi shi ne kusanci. Makon farko a gefen gadona na ajiye kejin. Tana motsi in ji, in miƙa hannu ta shinshina ta koma barci.

Abu Ammar:
A gefen gado? Subhanallah. Jama'a a ji tsoron Allah. Hadisi ya tabbata mala'iku ba sa shiga gidan da akwai kare, kuma wanda ya ajiye kare ana rage masa lada kullum. Baban Hanifa, shawarata ka mayar da shi ka ɗauki maigadi.

Uwar Biyu:
Ɗan'uwa, ni Kirista ce, abin da na yi a gidana na faɗa. Ban ce dole ya yi haka ba. Kusancin nake nufi, ko ta wace hanya.

Ɗalibi Daga Zage-zagi:
Malam Abu Ammar, Allah ya saka da alheri, hadisan da ka kawo ingantattu ne. Sai dai hadisin rage ladan da kansa ya cire karen farauta da na kiwo da na gona, kuma malamai da yawa sun yi ƙiyasin gadin gida a kansu idan akwai buƙata ta gaske. A sharhohin Risala ana kawo labarin shi kansa mawallafinta, Ibnu Abi Zaid Alƙairawani, cewa katangar gidansa ta faɗi, ya ji tsoro ya ajiye kare. Da aka tuna masa Imamu Malik ya karhanta hakan, sai ya amsa da cewa da Malik ya riski zamaninsu da zaki zai ajiye. Mutumin da aka haura masa gida sau 2 a wata ɗaya yana da uzuri.

A mazhabarmu ta Malikiyya kare mai rai jikinsa da yawunsa ba najasa ba ne, wanke ƙwarya sau 7 idan ya sa baki bautawa ce, ba don najasa ba. Shafi'iyya da Hanbaliyya suna ganin najasa ne. Amma fitsarinsa da kashinsa najasa ne, wannan ba a saɓa ba a tsakanin mazhabobin 4. Wannan ma dalili ne na a koya masa wuri ɗaya tak, nesa da inda ake alwala da shanya. Ni ma ba zan ce ya shigar da shi ɗakin kwana ba. Amma tunda ya riga ya ɗauko shi, amana ce a wuyansa. Mun san hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, da na mutumin da aka gafarta masa saboda ya shayar da kare. A nemi wurin da ba cikin ɗaki ba, kuma ba can bayan gida inda ba a jin halin da yake ciki ba.

Abu Ammar:
Na ji bayaninka Malam. Ni dai zuciyata ba ta kwanta da shi ba, amma ba zan ja ba tunda akwai magabata a kai. A dai kula da tsarkin tufafin salla.

Baban Hanifa:
Na gode muku duka. Ɗaki kam ba zai shiga ba, wannan mun gama magana da Maman Hanifa tun kafin a kawo shi. Amma akwai baranda a ƙarƙashin tagar ɗakina, iska ba ta bugawa sosai a wurin. Yanzu muka ɗauko kejin ni da ƙanena muka kai can, an raba shi da katako. Hajiya Maman Sadik, don Allah ki faɗa mini yadda kike tsara daren, daki-daki.

Maman Sadik:
To Baban Hanifa, ni da lokutan salla na ɗaure abin, don ba na mantawa da su. Abinci sau 3 ko 4 a rana a wannan shekarun, amma na ƙarshe kafin magariba, misalin 6. Tuwon 9 na dare shi ne yake fito maka ƙarfe 1. Da ya gama ci, cikin minti 15 zuwa 30 zai nemi wuri, ka kai shi tun bai nema ba. Bayan isha'i ka bar yara su yi wasa da shi ya gaji, kada ya yi ta barci daga magariba har 10, in ba haka ba tsakar dare zai tashi garau. Fita ta ƙarshe daf da za ka kwanta, 10 da rabi ko 11. Ka sa ƙararrawar waya ƙarfe 2. Sai kuma asuba, kafin ka yi alwala, ka fara fitar da shi.

Wannan tashin na ƙarfe 2 shi ne inda mutane ke ɓata aikin. Ka riga shi tashi, kada ka jira sai ya yi kuka. Ka ɗauke shi a hannu, kada ka bari ya taka da ƙafarsa, don yana fitowa zai tsuguna a bakin kejin. Ka kai shi wuri ɗaya kullum, ni kusurwa na ware na zuba yashi. Ka ajiye shi ka tsaya shiru, ka riƙa faɗin kalma ɗaya a hankali. Ni "yi maza" nake cewa, har yau idan na faɗa sai ya tsuguna. Yana gamawa, a take a wurin, ka yaba masa ka ba shi ɗan guntun nama kamar ƙwayar gyaɗa. Ba bayan kun koma ba, a wurin. Sannan ka mayar da shi keji. Ba wasa, ba hira, ba kunna fitila mai haske. Idan minti 5 ya wuce bai yi komai ba, ka mayar da shi, ka sake gwadawa bayan minti 15.

Ka riƙe tocila ka haska ƙasa kafin ka ajiye shi, saboda kunama. Ka ware jallabiya ɗaya da silifa na wannan aikin ka rataye a baranda, shi ke nan ka huta da waswasin kayan salla. Kuma ka cire masa abin wuya kafin ya shiga keji, yana iya maƙalewa a ƙarfe ya shaƙe shi.

Da rana kuma ido. Ka san an ce in ka ga kare yana shinshina takalmi ɗauka zai yi. To in ka ga kwikwiyo ya bar wasa yana shinshina ƙasa yana zagaye, tsugunawa zai yi. Ka sure shi sai kan yashi. Ya tashi daga barci, yashi. Ya ci, yashi. Ya gama guje-guje, yashi. Ka riƙa ba shi abincinsa a cikin kejin ƙofa a buɗe, don kada ya zama duk lokacin da ya ga kejin rabuwa ce ta zo. Ruwa kuma ni nakan ɗauke awa 2 kafin kwanciya.

Ɗan Maraɗi:
Hajiya duk na yarda sai maganar ruwa. Mu nan watan Afrilu da Mayu zafi yana wuce digiri 40, dare ma ba ya sanyi. Ƙanena ya hana wa nasa ruwa da dare don kada ya yi fitsari, da safe ya same shi a galabaice, da ƙyar aka ceto shi. Gara in wanke fitsari da in binne kare.

Dakta Bukuru:
Ku duka kuna da gaskiya, lokaci ne ya bambanta. Yanzu da sanyi, idan ya sha ya ƙoshi da yamma, ɗauke kwanon awa 1 zuwa 2 kafin barci ba zai cutar da lafiyayyen kwikwiyo ba. Da bazara kada a hana, kuma keji na ƙarfe kada rana ta same shi ko na awa ɗaya. Wanda ke zawo ko amai kuwa ba a hana shi ruwa ko wane lokaci ne.

Baban Hanifa, an yi masa allura? An ba shi maganin tsutsar ciki? Ina tambaya ne don tsutsa tana sa yawan kashi da zawo, sai mutum ya ɗauka horo ne bai kama ba. Ana ba su maganin duk mako 2 har su kai mako 12, daga nan duk wata har wata 6. Allurar haɗin nan da ke kare su daga parvo, cutar da ke kama hanjin kwikwiyo, da sauransu ana farawa a mako 6 zuwa 8, a maimaita duk mako 3 zuwa 4 har ya kai mako 16. Ta ciwon haukan kare a wata 3, kuma a nan Vom kusa da Jos ma cibiyar binciken dabbobi ta ƙasa tana yin ta, ba abin wahalar samu ba ne. Kafin alluran su cika kada ka fita da shi layi ya yi bahaya inda karnukan unguwa ke yi. Ƙwayar parvo tana yin watanni a ƙasa da ranta. Idan ka ga amai, ya ƙi abinci, zawo da jini mai ƙarni, kada ka kwana, asibiti kai tsaye.

Kashin kuma a kwashe kullum. Ƙwan tsutsar kare yana kama yara masu wasa da ƙasa, amma sai ya yi kwanaki a ƙasa kafin ya zama mai cutarwa, wanda ke kwashewa kullum ya tare hanyar. Yashin Hajiya dabara ce mai kyau, sai dai a riƙa canza shi, a sa shi inda rana ke bugawa. Akwai ƙudan da ke yin ƙwai a yashi mai fitsari a inuwa, da tsumma mai danshi, tsutsarsa ta huda fatar kwikwiyo ta yi ƙurji mai ɗan rami a tsakiya. Da damina muna ganinsu da yawa.

Baban Hanifa:
Mai sayarwar ya ce an yi komai, amma bai ba ni kati ba. Gobe in sha Allahu zan kai shi asibitin dabbobi a fara daga farko. Da me zan wanke kejin? Ina zuba maganin nan baƙi mai warin kwalta da ake sa wa a masai.

Dakta Bukuru:
Ka daina sa wannan a inda yake kwanciya, yana ƙona musu fata da tafin ƙafa, kuma suna lasa. Ka fara kwashe ƙazantar, ka wanke da garin sabulun wanki da ruwa mai yawa, irin su Ariel suna da sinadarin da ke cinye abin da ke kawo warin. Warin nan shi ke gaya masa nan ne wurin yi, ko kai ba ka ji shi yana ji. Bayan ka ɗauraye, ka haɗa bilic kofi 1 da ruwa kofi 30, ka shafa, ka bari minti 10, ka sake ɗaurayewa, ya bushe a rana. Kada ka zuba bilic kai tsaye a kan fitsari, tururin da ke tashi yana cutar da ƙirji. Katakon da ya riga ya sha fitsari kuma ka jefar, ba ya wankuwa.

Baban Hanifa:
Ga labarin dare 3. Na farko ya yi kuka kusan minti 40 bayan na saka shi. Na buɗe taga na riƙa ce masa "kwanta, kwanta" a hankali, sai ya yi shiru. Ƙarfe 2 na tashi na tarar ya riga ya yi fitsari. Dare na biyu na mayar da ƙararrawar 1 da rabi, na same shi a bushe, ina ajiye shi kan yashi ya yi. Wallahi farin cikin da na ji ban zaci zan ji shi a kan kare ba. Na ƙara tashi ƙarfe 4, sannan bayan na dawo masallaci. Jiya kuma sabon abu ya ɓullo: na fitar da shi, ya yi, na mayar, bayan minti 10 ya fara kuka. Na sake fitarwa, bai yi komai ba sai jan jallabiyata. Sau 3 muna haka.

A asibiti an auna shi, an yi allurar farko, an ba shi maganin tsutsa, kuma tsutsotsi sun fita da yawa.

Tsohon Soja:
Ka ga abin da na faɗa. Ya gane idan ya yi kuka za ka zo. Ni na janye maganar duka, tunda Hajiya da Likita sun yi bayani kuma na gamsu. Amma a wannan ina nan kan bakana: wanda ya riga ya yi fitsarinsa, ba yunwa, ba sanyi, a bar shi.

Maman Sadik:
A nan kam Baba ina tare da kai, da ɗan gyara. Idan ka san cikinsa fayau yake, minti 10 da suka wuce ya yi, kada ka buɗe. Amma ba sai ka yi kamar ba ka nan ba. Magana ɗaya ta taga ta isa ya san ba a yashe shi ba, sannan ka yi shiru. Za ka fara rarrabe kukan da kanka. Na kaɗaici yana hawa yana sauka, yana yi yana saurarawa ko za a zo. Na matsuwa yakan zo ne bayan ya yi barci ya farka, da kai-komo da karce ƙofa, kuma ba ya lafawa. Idan ka yi shakka ka fitar, amma fitar ta zama mara daɗi: yashi, minti 3, keji. In ya kama jallabiya kada ka ce masa komai, ka ɗauke shi ka mayar. Ka sa masa abin taunawa a ciki, igiya mai kauri da aka ƙulla, ba ƙashin kaza ba.

Uwar Biyu:
Kuma ku raba tashin da ƙanenka idan zai yarda. Mako 2 ina yi ni kaɗai sai da na fara yin kuskure a wurin aiki.

Baban Hanifa:
Jama'a, yau mako 3 da buɗe wannan magana, na ga ya kamata in dawo. Tashi ɗaya ya rage, ƙarfe 3, kuma duk bayan dare 3 ina ƙara minti 15 kamar yadda Dakta ya ce mini a gefe. A cikin kwana 12 na ƙarshe sau 1 ya ɓata kejin, shi ma ranar Hanifa ce ta ba shi ragowar shinkafa da miya bayan isha'i ba mu sani ba. Na yi mata bayani, yanzu ita ke kai shi yashi da rana idan ta dawo makaranta, kuma ta san sai ta wanke hannu da sabulu. Maƙwabcina ya tambaye ni ko na mayar da shi ne. An matsar da allon keji sau 1. Ranar Asabar allura ta biyu.

Abin da ya rage mini: da rana har yanzu yakan yi a tsakar gida idan ba a lura ba, musamman idan baƙo ya shigo yana murna, sai fitsari ya zubo masa yana kaɗa wutsiya.

Dakta Bukuru:
Miyar nan a kiyaye, albasa tana lalata musu jini. Fitsarin murna kuwa daban yake da wanda muke magana a kai, bai ma san ya fito ba, kuma yawanci yana wucewa da kansa idan sun girma. Ka ce wa baƙi kada su kula shi da sun shigo, kada su sunkuya a kansa, sai ya natsu tukuna. Idan ka san wani zai zo, ka kai shi yashi kafin a buɗe ƙofa. Amma idan ka ga yana tsugunawa akai-akai yana ɗiga kaɗan-kaɗan, ko yana yi cikin barci, ka faɗa musu ranar Asabar su duba fitsarin.